Andrew Foster: Kurman da ya buɗe makarantu 32 a Afirka

Duk malamin da ke koyarwa da hannu a makarantar kurame a Najeriya, daga Tudun Maliki a Kano har zuwa Ibadan, yana amfani ne da wani ɓangare na gadon Andrew Jackson Foster, baƙar fata ɗan Amurka wanda ciwon sanƙarau ya kurmantar yana ɗan shekara 11.

An haife shi ranar 27 ga Yunin 1925 a unguwar Ensley da ke birnin Birmingham a jihar Alabama. Mahaifinsa ma'aikacin haƙar kwal ne. Sanƙarau ya kama shi tare da ƙanensa, dukkansu suka tashi, amma babu wanda ya sake jin sauti a cikinsu. Mutanen Arewa sun san wannan ciwo sarai, domin annobar 1996 kaɗai ta hallaka fiye da mutum 11,000, kuma cikin waɗanda suka rayu akwai da dama da suka rasa jinsu. Ƙwayar cutar kan ratsa zuwa can cikin kunne ta lalata sashen nan mai kama da dodon koɗi, wanda ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa za ta gane. Shi ya sa likitoci ke son a gwada jin duk wanda ya tashi daga sanƙarau cikin makonnin farko, ko da iyaye na ganin yaro ya warke sumul.

A wancan zamani wariyar launin fata doka ce a Alabama, don haka aka kai shi makarantar kurame ta baƙaƙe da ke Talladega, wadda karatunta bai da nisa. Yana ɗan shekara 17 ya koma Detroit, birnin masana'antun motoci, yana ƙwadago yana neman ilimi a gefe. Kwalejin Gallaudet ta Washington, babbar makarantar kurame ta Amurka, ta ƙi karɓarsa saboda launinsa, sai a 1951 ta buɗe masa ƙofa. A 1954 ya zama baƙar fata na farko da ya sami digiri a can, kuma kafin ƙarshen 1956 ya ƙara digiri na biyu har guda biyu, ɗaya a Michigan, ɗaya a Seattle.

Foster Kirista ne mai wa'azi, burinsa kuma shi ne ya zo Afirka. Ƙungiyoyin mishan suka juya masa baya, shi kuwa ya kafa tasa a 1956, ya zagaya yana neman tallafi. A 1957, shekarar da Ghana ta sami 'yancin kai, ya sauka a Accra. Ya tarar makarantun kurame a nahiyar ba su wuce goma sha biyu ba, kusan dukkansu a Arewacin Afirka da Afirka ta Kudu. Ya aro aji a wata makaranta a unguwar Osu, yana koyarwa bayan an tashi ɗalibai.

A 1960 ya buɗe makaranta a Ibadan, daga baya Kaduna da Enugu suka biyo. A 1961 ya auri Berta, Bajamushiya wadda ita ma kurma ce, suka haifi 'ya'ya biyar. Daga shekarun 1970 ya fuskanci ƙasashe rainon Faransa, irin su Togo da Benin da Chadi da Kamaru, har adadin makarantun ya kai 32 a ƙasashe 13. Dabararsa ita ce ya zaɓi kurame masu hazaƙa ya horar da su aikin malanta, ya tura wasu Gallaudet, su dawo su riƙe makarantun da kansu. A lokacin da malamai da yawa ke hana yara amfani da hannu suna tilasta musu karanta leɓe, shi ya tsaya kan a koyar da yaro ta duk hanyar da zai fahimta.

Aikin nasa bai rasa abin suka ba. Yaren hannun da ya kawo na Amurka ne, alhali kuramen ƙasar Hausa suna da nasu tun kaka da kakanni, wato maganar hannu, wadda masu ji ma kan iya wani abu daga cikinta a kasuwa da majalisa. Makarantar Tudun Maliki da gwamnati ta buɗe a 1977 ta ɗauki salon na Amurka, sai ya zama yaro na koyon wani abu a aji, yana komawa gida yana amfani da wani. Sai a shekarar 2000 masaniya Bajamushiya Constanze Schmaling ta wallafa littafi a kan maganar hannu ta Kano. Duk da haka, wanda ya tarar babu makaranta ko ɗaya a yanki ya dasa ta, ya cancanci a yi masa adalci wajen hukunci.

Foster ya rasa jinsa ne dare ɗaya. Akwai wata kurumtar mai zuwa a hankali, wadda ma'aikacin masaƙa ko kamfanin roba a Sharada da Bompai, ko na majema a Challawa, ba ya lura da ita sai ta yi nisa. Ƙarar da ta haura ma'aunin desibel 85, idan mutum na wuni a cikinta awa takwas kullum, tana kashe ƙananan ƙwayoyin ji na cikin kunne, kuma ba sa sake tsirowa. Alamar farko ita ce kunne ya riƙa kuka bayan an tashi aiki, sai mutum ya fara jin murya amma kalmomi na kuɓuce masa a cikin taro, iyali kuma su ce ya cika ƙure rediyo. Idan sai an ɗaga murya mutum ke jin na kusa da shi a wurin aiki, to ƙarar ta kai ta cutarwa, kuma abin toshe kunne mai arha na rage ɓarnar. Ana gwajin ji a sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, inda ake duba ko na'urar ƙara ji za ta yi wa mutum amfani.

Gallaudet, wadda ta taɓa ƙin sa, ta ba shi digirin girmamawa a 1970. Ranar 3 ga Disamban 1987 ya shiga wani ƙaramin jirgin sama zuwa Kenya, jirgin ya faɗi a ƙasar Ruwanda, babu wanda ya tsira. Yana da shekara 62. A 2004 jami'ar ta sa wa wani babban ɗakin taronta sunansa.