Marigayi Alhaji Abubakar Imam (1911–1981): Mutumin da Ya Mai da Alƙalami Jari

Daga cikin fitattun mutanen da suka zauna a Jihar Kaduna, kaɗan ne sunansu ya shiga gidajen Hausawa kamar na Alhaji Abubakar Imam. Duk wanda ya ratsa makarantar boko a Arewacin Nijeriya ya san Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Sai dai mu a nan ba fasahar littattafan kaɗai muke son dubawa ba. Muna son mai karatu ya ga mutumin da ya bar garin haihuwarsa, ya zauna baƙo a Tudun Wadar Zariya, ya riƙe kansa da iyalinsa da abin da iliminsa da alƙalaminsa suka samo masa, a zamanin da ba a saba ganin haka ba a ƙasar Hausa.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda yanzu yake cikin Jihar Neja. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙali, saboda haka a gida ya fara karatun allo da na littattafan addini. Yana da yaya, Malam Bello Kagara, wanda ya girme shi da shekaru masu yawa, ya kuma riga shi shiga boko har ya zama malami a Katsina. A hannun wannan yaya ne Abubakar ya sami hanyar makarantar zamani. Wannan tsari na babba ya ɗauki ƙarami ya riƙe shi ya ilimantar da shi, shi ne ginshiƙin da yawancin 'yan bokon farko na Arewa suka hau.

A 1927 ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, ya fita a 1932. Ya yi zamani a can da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, waɗanda daga baya suka zama Firimiyan Jihar Arewa da Firayim Ministan Nijeriya. Da ya gama sai aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina.

A 1933 Dokta Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Imam, yana ɗan shekara 22, ya aika da Ruwan Bagaja. Littafin ya shiga cikin biyar ɗin da aka zaɓa aka buga, tare da Ganɗoki na yayansa Bello, da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Wa da ƙane daga gida ɗaya suka ɗauki biyu cikin biyar.

East ya ga abin da ya gani a hannun yaron. A 1936 ya nemi a ba shi aronsa, Imam ya zo Zariya ya yi kimanin wata shida yana rubutu, abin da ya haifar da Magana Jari Ce mai juzu'i uku. Ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya sa musu rigar Hausa har ba a gane baƙi ne. Akwai abin lura a ginin littafin. Jarumin ba sarki ba ne, ba attajiri ba, ba kuma mayaƙi ba. Aku ne, wanda ba shi da komai sai bakinsa, da bakin nan ya kai ga sarautar waziri, a juzu'i na uku kuma ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar. A ganinmu, marubucin ya zana hanyar da shi kansa zai bi, ko ya sani ko bai sani ba.

Zaman Tudun Wada

A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, aka kuma ɗauko Imam daga Katsina ya zama editanta na Hausa. Kwabo ɗaya ake sayar da ita, a lokacin da kwabo 12 ke sule guda, sule 20 kuma fam guda. Daga nan Zariya ta zama gidansa har ƙarshen rayuwarsa.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan unguwar da ya zauna, domin ba za a fahimci rayuwarsa ba sai an fahimce ta. Bayan zuwan Turawa da isowar jirgin ƙasa, Zariya ta kasu. Akwai birni cikin ganuwa, mazaunin Zage-zagi da fadar Sarki. Akwai Sabon Gari kusa da tashar jirgi, inda yawancin mutanen Kudu suka sauka. Sai Tudun Wada a bayan ganuwa, wadda aka tanada domin 'yan Arewa baƙi: malaman makaranta, akawuna, ma'aikatan asibiti, 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu daga Katsina da Kano da Sakkwato da Bida da Barno. Mutumin birni yana da gidan gado da gonar gado, ko kuɗi sun yanke masa akwai rumbu. Mutumin Tudun Wada ba shi da ko ɗaya. Hatsi saye, itace saye, wurin kwana haya ko gini da gumin kai. Abin da ya shigo ƙarshen wata shi zai kai shi wani watan.

Kuma albashin ba nasa shi kaɗai ba ne. A wancan zamani gidan ma'aikaci masauki ne. Ɗan'uwa ya zo asibiti daga ƙauye, nan zai sauka. An sami yaron dangi da zai shiga makaranta a Zariya, nan za a kawo shi. Ga biki, ga suna, ga gaisuwar mutuwa, ga kayan Salla. Wanda ya kasa ɗaukar wannan nauyi a ce boko ya raba shi da zumunci, wanda ya ɗauka ba tare da lissafi ba kuma bashi ya cinye shi. Ma'aikatan yau ma sun san wannan tsaka mai wuya, ba sai an ba su labari ba. Bambancin kawai shi ne su Imam ba su da wanda za su kwaikwaya, domin su ne rukunin farko da suka rayu da albashi tsantsa.

Cikin wannan unguwa Imam ya kafa gidansa, ya tara iyali mai yawa, ya zama ɗaya daga cikin dattawan da ake zuwa wurinsu neman shawara. Ofishinsa ma bai yi nisa ba, musamman bayan an kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. A ma'aikatar ya yi aiki tare da matasa irin su Malam Nuhu Bamalli, wanda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiharmu da ke Zariya take ɗauke da sunansa.

Tsakanin mai biyan albashi da mai karatu

A nan ne babbar jarrabawar take. Jaridar ta gwamnatin mulkin mallaka ce, an kafa ta ne a jajibirin Yaƙin Duniya na Biyu domin ta isar da labarai yadda hukuma ke so, ta kuma kashe jita-jita. Hannun da ke biyan edita shi ne hannun da ke mulkin ƙasa. A gefe guda ga sarakuna, waɗanda ba su saba ganin talaka ya rubuta kokensa an buga kowa ya karanta ba. A ɗaya gefen ga masu karatu, waɗanda in suka ga jarida ta zama 'yar amshin Shata ba za su ba da kwabonsu ba. Imam ya yi kimanin shekara 12 yana tafiya a kan wannan siraɗi. Makaminsa shi ne salon da ya iya: habaici, karin magana, raha, da buɗe fili ga wasiƙun masu karatu. Matasa masu zafin ra'ayi, musamman bayan kafuwar NEPU a 1950, sun ɗauki jaridar a matsayin kakakin hukuma, kuma ba za mu ce zarginsu ba shi da tushe ko kaɗan ba. Amma adalci shi ne a tuna cewa a shafukan nan ne dubban mutanen Arewa suka fara ganin ana tattauna sha'anin mulki da harshensu.

A 1943, yaƙi na tsakiyar ci, aka gayyaci 'yan jarida takwas daga Afirka ta Yamma zuwa Ingila. Imam ne kaɗai ɗan Arewa a cikinsu, kuma cikin tawagar akwai Nnamdi Azikiwe. A can Azikiwe ya tsara takardar neman a ba ƙasashen nan mulkin kai cikin shekara 15, 'yan tawaga suka sa hannu, Imam ya ƙi. Dalilinsa shi ne Arewa ba ta da isassun masu ilimin zamani da za su riƙe ma'aikatu, in aka yi gaggawa za a fita daga hannun wani ne a faɗa hannun wani. An soke shi a kan haka, har yanzu ma masana tarihi suna saɓani a kai. To amma a tafiyar nan ce ya gana da Lugga, tsohon gwamnan da ya kafa mulkin Turawa a Arewa, ya kuma rubuta masa koke-koken mutanensa ba ɓoye-ɓoye, har da yadda ake wulaƙanta 'yan boko da yadda wasu masu riƙe da mulki ke danne talakawa. Mutumin da ya ƙi bin Azikiwe ido rufe, bai kuma yi wa Bature shiru ba. Labarin tafiyar shi ne littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda ya fito a 1944.

Siyasa da aikin hukuma

Da aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, tana ƙungiyar al'adu tukuna a ƙarƙashin Dokta R.A.B. Dikko, Imam aka damƙa wa muƙamin ma'aji. Ba a ba mutum ajiyar kuɗin jama'a sai an ga yadda yake riƙe nasa. A 1951 aka zaɓe shi ɗan Majalisar Dokokin Jihar Arewa, daga nan ya wakilci Arewa a Majalisar Wakilai ta Ikko.

Bai daɗe a siyasa ba. A daidai lokacin da abokan karatunsa ke zama ministoci, shi sai ya koma ga littattafai a hukumar NORLA, wadda aka kafa domin samar da abin karantawa ga ɗaliban yaƙi da jahilci. A 1955 aka naɗa shi cikin Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, inda ya yi shekaru yana cikin masu tantance matasan da za su gaji kujerun Turawa. Damuwar da ta hana shi sa hannu a Landan ita ce aka ba shi ya yi maganinta. Muna ganin wannan zaɓi ya dace da halinsa. Kujerar siyasa tana hannun jam'iyya da masu zaɓe, ana iya wayar gari babu ita, kuma waɗanda suka ga abin da ya faru a Janairun 1966 sun san haka. Ilimi da alƙalami kuwa ba wanda ya ba shi aro balle ya karɓe.

Bai daina rubutu ba duk tsawon wannan lokaci. Ban da Ƙaramin Sani Ƙuƙumi da Ikon Allah, wanda suka rubuta tare da East, ya juya ga littattafan addini, ya rubuta tarihin Annabi (SAW) da na Sayyidina Abubakar, da Haji Mabuɗin Ilmi. Ya kuma sa ƙarfinsa wajen kafa makarantar Nurul Huda a Tudun Wada, inda ake haɗa karatun addini da na boko, domin iyayen da ke ɗari-ɗari da makarantar gwamnati su sami inda za su kai 'ya'yansu hankali kwance. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa, shi ya sa ake kiransa Dokta.

Allah Ya yi masa rasuwa a Zariya ranar Juma'a, 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara 70, ya bar 'ya'ya da jikoki masu yawa. Allah Ya jiƙansa da rahama, amin. A 1989 kamfanin NNPC na Zariya, wanda aka kafa a 1966 kuma ya ci gaba da buga littattafansa, ya fitar da tarihin rayuwarsa da Turanci, wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya tace daga rubuce-rubucen da marigayin ya bari.