TAƘAITACCEN TARIHIN MARIGAYI KYAFTIN CHARI MAIGUMERI

A cikin wannan shafi muna so mu tuna da wani gwarzon soja ɗan Arewa, wato Marigayi Chari Maigumeri, wanda ya fara aiki yana kurtu, ya gama da muƙamin Kyaftin.

Shi Babarbare ne, mutumin ƙasar Barno. Cikin shekara ta 1913, yana saurayi, ya shiga aikin soja a ƙasar Kamaru, wadda a zamanin nan take hannun Jamusawa. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi a 1914, ya yi yaƙi a ƙarƙashinsu, har suka ba shi lambarsu ta jarumtaka wadda ake kira Gicciyen Ƙarfe. A 1915 sojojin Ingila da na Faransa suka ci garin Garwa, aka kama shi tare da sauran fursunonin yaƙi.

Cikin 1917 ya shiga Rundunar Nijeriya, aka kai shi Gabashin Afirka, inda ya yaƙi Jamusawan da suka fara koya masa riƙon bindiga. Saboda ƙwazonsa da biyayyarsa aka yi ta ƙara masa girma, har ya zama Babban Samanja na Bataliya ta 3 cikin 1928. A wancan lokaci hafsoshi Turawa ne, saboda haka samanja shi ne uban sojoji. Shi ke horar da kurata, shi ke isar da umarni da harshen Hausa, shi ne kuma ke kai kukansu gaban manya.

Sa'ad da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, aka sake tura bataliyarsa Gabashin Afirka domin ta kori Italiyawa daga Somaliya da Habasha. Sojojin Nijeriya suka shiga birnin Mogadishu cikin watan Fabrairu 1941, suka ratsa hamada, suka isa Harar cikin watan Maris. Saboda ƙarfin halin da ya nuna a wannan yaƙi aka ba shi lambar jarumtaka ta MM. Daga baya kuma aka kai su ƙasar Burma, wadda tsofaffinmu ke kira Bama, yanzu kuwa sunanta Myanmar. Can suka fuskanci sojojin Japan cikin kurmi da duwatsu, ga ruwan sama, ga zazzaɓi. A can ma aka ambaci sunansa cikin rahoton yabo, aka kuma ba shi lambar BEM.

Cikin 1953 yana cikin sojojin da suka wakilci Nijeriya a birnin Landan wajen naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu. A wannan shekara ya ajiye aiki, bayan hidimar shekara 36, aka karrama shi da muƙamin Kyaftin na girmamawa. Daga baya Rundunar Sojan Nijeriya ta sa wa barikin da ke Lokoja sunansa. Haka kuma aka sa wa waɗansu barikoki sunayen wuraren da aka gwabza, kamar Arakan da Dodan a Legas, da Mogadishu a Abuja. Barikin Chindit na Zariya kuwa yana tuna mana da zaɓaɓɓun sojojin da aka sauke da jiragen sama a bayan abokan gaba a Burma cikin 1944, waɗanda akwai bataliyoyi 3 na Nijeriya a cikinsu.

Amma 'yan'uwa, Maigumeri bai je yaƙi shi kaɗai ba. Dubban samari ne suka tafi, daga ƙasar Sakkwato da Kano da Barno da sauran lardunan Nijeriya. Waɗansu an binne su can, waɗansu sun dawo da rauni, kuɗin sallamar da aka ba su kuwa bai kai na takwarorinsu Turawa ba. Yawancinsu ba su sami lamba ba, ba a kuma rubuta sunansu a ƙofar wani bariki ba. Girman da aka ba shi, nasu ne su duka.

Kowace ranar 15 ga Janairu Nijeriya tana tunawa da mazan jiya, ana ajiye furanni a Abuja da Sakkwato da sauran manyan biranen jihohi. Wannan daidai ne, sai dai furanni ba sa ciyar da gwauruwa ko biya wa maraya kuɗin makaranta. A nan Arkilla da kewaye akwai tsofaffin sojoji, akwai kuma iyalan waɗanda suka rasu a bakin aiki. Bari mu ziyarce su, mu ji tarihinsu tun suna da rai, mu rubuta shi domin 'ya'yanmu, mu kuma taimake su gwargwadon ƙarfinmu.