Dakta Carlos Finlay: Likitan Da Ya Jure Ba'a Shekara Ashirin

'Yan'uwa cikin Kristi, a wannan fitowa muna tunawa da wani ɗan Katolika wanda Ubangiji ya ceci rayuka masu yawa ta hannunsa, wato Dakta Carlos Juan Finlay na ƙasar Kyuba.

An haife shi ranar 3 ga Disamba, 1833. Mahaifinsa likita ne, asalinsa daga Sikotilan, mahaifiyarsa kuwa Bafaranshiya ce. Ya gama karatun likita a Filadelfiya ta Amurka a 1855, sa'an nan ya koma gida ya kama aiki a birnin Habana.

A zamanin nan zazzaɓin shawara yana cin mutanen Habana kowace shekara. Likitoci sun ɗauka cewa gurɓatacciyar iska da tufafin majinyata ne ke yaɗa shi. Amma ranar 14 ga Agusta, 1881, Finlay ya tsaya gaban majalisar masana ta birnin, ya bayyana cewa wani irin sauro ne ke tsotsar jinin mai ciwo ya kai wa mai lafiya. Masana suka yi biris da maganarsa, waɗansu ma suka mai da shi abin dariya.

Wannan bai sa ya karaya ba. Shi da abokinsa Dakta Claudio Delgado suka ci gaba da kiwon sauro, suna gwaji fiye da sau 100 a jikin mutanen da suka yarda da kansu. Cikin waɗanda suka miƙa hannu sauro ya cije su har da firistoci 'yan Jesuit da 'yan Karmel, alhali sun san irin kisan da cutar ke yi.

Sai a 1900 gaskiya ta yi halinta. Ayarin likitocin sojan Amurka, ƙarƙashin Walter Reed, ya ziyarce shi. Finlay bai ɓoye musu kome ba, har ƙwan sauron da yake kiwo ya ba su. Gwajinsu ya tabbatar da maganarsa, ko da yake ɗaya daga cikinsu, Dakta Jesse Lazear, ya rasa ransa. A 1901 aka tasar ma sauro a Habana, aka rufe randuna, aka kawar da ruwan da ke kwance, annoba ta lafa. Wannan sanin ne kuma ya kāre ma'aikatan da suka haƙa mashigin ruwan Panama.

A 1902, yana gab da shekara 70, aka naɗa shi babban jami'in kiwon lafiyar jama'a na Kyuba. Muƙami bai sa ya nemi ramuwa a kan masu yi masa ba'a ba. Ya mai da hankali ga jariran talakawa da ciwon sarƙe-haƙora ke kamawa ta cibiya, ya sa aka riƙa raba tsabtatattun kayan ɗaure cibiya kyauta, mutuwar jarirai ta ragu. An sha gabatar da sunansa domin lambar Nobel, bai samu ba. Ya rasu a Habana cikin Agustan 1915.

Mu ma mun san wannan cuta, gama ta yi ɓarna a Filato a 1969, da Binuwai a 1986. Yanzu akwai allurar rigakafinta. Bari mu kai 'ya'yanmu a yi musu, mu rufe randunanmu, mu kuma yi wa ma'aikatan lafiya na Ikklesiyoyinmu addu'a, domin su riƙe gaskiya ko da ba mai yaba musu. Allah ya ba bawansa Carlos hutawa ta har abada. Amin.