Paul Langevin: Ɗan talakan da ya sa dutse ya gano jirgin ƙarƙashin ruwa

Duk mai sayar da agogon hannu mai batir a kasuwar Gaya ko Kamba ko Malanbil, da macen da ta taɓa zuwa asibiti aka ɗauki hoton cikinta, sun ci gajiyar aikin wani Bafaranshe mai suna Paul Langevin, ko da kuwa ba su taɓa jin sunansa ba. Abin mamaki shi ne, don yaƙi ya fara wannan aiki.

An haife shi a birnin Faris ranar 23 ga Janairu, 1872, a gidan masu ƙaramin ƙarfi. Ƙwazonsa ne ya kai shi makarantar kimiyya ta birnin, inda ya faɗa hannun wani malami mai suna Pierre Curie. A 1897 ya tafi Kambirij ta Ingila ya ƙaro ilimi, ya sami digirin dakta a 1902, kuma a 1909 ya zama farfesa a babbar makarantar nan ta Collège de France.

Shi wannan malami nasa, tare da yayansa Jacques, sun gano wani abu tun a 1880 game da wani farin dutse mai ƙyalli da ake kira kwats. In aka matse shi sai ya fitar da 'yar wutar lantarki. Daga baya kuma aka tabbatar cewa in aka ba shi wuta, sai ya motsa, ya ɗan kumbura ko ya tsuke. Wato dutse ne mai ji, mai kuma amsawa. Sama da shekara 30 abin bai wuce ɗakin gwaji ba.

Kafin mu kai ga yaƙi, akwai abin da ya kusa kashe masa suna. Bayan keken doki ya take Pierre Curie ya mutu a 1906, soyayya ta shiga tsakanin Langevin da matar marigayin, wato Marie Curie, alhali yana da matarsa da 'ya'ya huɗu. A 1911 wasiƙunsu suka faɗa hannun 'yan jarida, Faris ta ɗauka. Har ya ƙalubalanci wani ɗan jarida su fito da bindiga, suka fito, amma babu wanda ya harba. Matar ce ta fi shan zagi, kamar yadda aka saba a ko'ina, shi kuwa ya ci gaba da aikinsa. Shekaru da yawa bayan haka jikansa ya auri jikanyarta.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, Jamus ta saki jiragenta na ƙarƙashin ruwa a teku. Jiragen fatake suka fi farauta, masu ɗauke da alkama da kwal da sauran kaya, don yunwa ta karya Ingila da Faransa. A watan Afrilun 1917 kaɗai sun nutsar da jirage masu nauyin sama da tan 800,000. 'Yan kasuwa sun san abin da rufe hanya ke yi wa farashi, ba sai an faɗa musu ba. Bala'in ya taɓa mu ma: ranar 8 ga Yuni, 1917 aka harbo jirgin Sequana da ya ɗauko sojojin Afirka ta Yamma daga Dakar, kusan 200 daga cikinsu suka halaka daf da gaɓar Faransa.

Matsalar ita ce ido ba ya gani cikin zurfin teku. Wani injiniya ɗan Rasha mai suna Constantin Chilowsky ya kawo wa gwamnatin Faransa shawara a 1915, cewa a yi amfani da amsa-kuwwa, gwamnati ta miƙa wa Langevin aikin. Kowa ya san in ka yi ihu cikin rijiya muryarka za ta dawo maka. To, sauti yana tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa guda cikin ruwan teku. In ka aika shi ya bugi ƙarfe ya dawo, ka ƙirga lokacin da ya ɗauka, ka san nisan abin ke nan. Sai dai ana bukatar sauti siriri ƙwarai, wanda ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, inda kunnen mutum ba ya kaiwa, domin shi ne ke tafiya a miƙe kamar hasken tocila.

A 1917 Langevin ya tuno dutsen malaminsa. Da farko ya yi amfani da shi a matsayin kunne, ya ga yana ji sosai. Sannan ya mai da shi baki. Da yake manyan duwatsun suna da wuyar samu, sai ya yanka ƙanana sirara, ya jera su, ya manne su tsakanin faranti biyu na ƙarfe, dukansu suka riƙa kaɗawa tare. A tashar sojan ruwa ta Tulon aka yi gwajin. Ƙarfin sautin ya kai ƙananan kifayen da suka gitta ta gabansa suna mutuwa, wanda ya tsoma hannu kuma ya ji zafi har ƙashi. A 1918 na'urar ta jiyo jirgin ƙarƙashin ruwa daga nisan kusan kilomita ɗaya da rabi.

Yaƙin ya ƙare kafin a kai ta fagen fama. Amma Ingilawa sun karɓi dabarar, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu da ita aka farauci jiragen Jamus. Bayan yaƙin farko an ɗora ta a jiragen fasinja da na kaya don auna zurfin ruwa, aikin da mai kwale-kwale ke yi da gora a Kwara. Jiragen da ke sauke kaya a Kwatano da Lome da Legas duk suna ɗauke da jikokin wannan na'ura.

Yau an ƙera wani irin yumɓu mai halin wannan dutse, har ya fi shi ƙarfi. Shi ne a bakin na'urar hoton ciki, shi ne a ƙyastun zamani da ake dannawa ya ba da tartsatsi. Kwats ɗin kansa yana cikin agogo, yana kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa. Soja ma ba su sake shi ba. Jiragen sama na yaƙi suna jefa ƙananan kunnuwa irinsa a teku don sauraro, kuma a hancin rokar nan ta kafaɗa da 'yan bindiga ke yawo da ita a Sahel akwai ɗan guntunsa, wanda da ya bugi mota sai ya ba da wutar da za ta tayar da nakiyar.

Shi kansa Langevin sauran rayuwarsa ya yi ta ne yana adawa da yaƙi. A 1934 yana cikin malamai uku da suka jagoranci ƙungiyar masana masu ƙin aƙidar Hitila. Jamusawa ba su manta ba. Da suka mamaye Faris, suka kama shi ranar 30 ga Oktoba, 1940, yana da shekara 68, ya yi sama da wata guda a kurkuku, sannan aka yi masa ɗaurin talala a garin Troyes. A watan Mayun 1942 suka harbe surukinsa Jacques Solomon, a 1943 suka kai 'yarsa Hélène sansanin Auschwitz. Allah ya yi da sauran kwananta, ta dawo da rai. Shi kuma 'yan gwagwarmaya suka tsallakar da shi Suwizalan a watan Mayun 1944.

Da ya dawo ya shiga jam'iyyar Kwaminis, gwamnati kuma ta ba shi shugabancin kwamitin gyaran ilimi, wanda ya nemi a riƙe kowane yaro a makaranta kyauta har shekara 18, ɗan mai kuɗi da ɗan lebura. Bai ga rahoton ba, domin ya mutu ranar 19 ga Disamba, 1946, rahoton kuma ya fito a 1947. A watan Nuwamban 1948 aka mayar da shi Panthéon, inda Faransa ke binne manyan mutanenta.