CHARLES RUSSELL: MAKIYAYIN DA YA ZAMA GWANIN ZANE

Daga Wakilinmu na Arewa, Bauchi

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin kaboyi ya san mutanen nan masu faffaɗar malafa da ke sukuwa bayan shanu. To, kaboyi ba kowa ba ne illa makiyayin haya a Yammacin Amurka. Yau za mu ba ku tarihin ɗaya daga cikinsu, wanda ya adana kamannin wannan rayuwa da fenti tun kafin ta shuɗe.

An haifi Charles Russell ran 19 ga Maris, 1864, a birnin St. Louis na Jihar Missouri. Iyayensa masu hali ne, amma yaro ya ƙi makaranta, ba abin da yake so sai zanen dawaki. A 1880, yana da shekara 16, suka bar shi ya tafi Montana, can bakin iyakar Kanada. Ya fara da kiwon tumaki bai yi ƙarko ba, ya zauna da wani maharbi, Jake Hoover, shekara biyu. Daga 1882 ya shiga tsaron dabbobi da dare, ya yi shekara 11 yana wannan aiki. Da rana kuwa, sai ya zauna yana zana abokan aikinsa.

Abin da ya fito da sunansa masifa ce. Cikin hunturun 1886 zuwa 1887 dusar ƙanƙara ta rufe ciyawa, shanu suka yi ta mutuwa, kamar yadda farin 1973 ya yi wa garkunanmu a nan Arewa. Masu garken da ke wurin da Russell ya sauka suka aiko da takarda daga birnin Helena suna tambayar lafiyar shanunsu, kai dubu biyar. Shugaban makiyaya ya rasa ta inda zai fara. Russell ya ɗauki ɗan guntun kwali, ya zana sa guda, haƙarƙari duk a waje, yana tsaye cikin ƙanƙara, kyarketai na jiran ya faɗi. Aka aika da shi a matsayin amsa. Aka kafa zanen a tagar wani kanti a Helena, jama'a suka yi ta zuwa kallo.

A 1888 ya haura Kanada, ya yi watanni kusa da 'yan asalin ƙasar, waɗanda muke kira Indiyawan daji. Shi ya sa a zanensa suke fitowa mutane masu gida da iyali da mutunci, ba kamar yadda fim ke nuna su ba.

Da farko kyautar da zanensa yake yi, ko ya sayar a banza. A 1896 ya auri Nancy Cooper, suka koma garin Great Falls, ita ta karɓi sha'anin ciniki, ta tsaya kai da fata sai an biya daraja. Ta kai aikinsa New York, a 1914 har London. A 1912 ya gama wani ƙaton zane wanda har yanzu yana cikin Majalisar Dokokin Montana. Ayyukansa duka sun kai wajen dubu huɗu.

Kafin ya tsufa, manoma sun zagaye makiyaya da waya mai ƙaya, jirgin ƙasa ya ratsa daji, kiwon sake ya ƙare. Abin ya dame shi ƙwarai, ko mota ba ya so. Da ya mutu ran 24 ga Oktoba, 1926, keken doki ne ya ɗauki gawarsa kamar yadda ya nema, aka sallami 'yan makaranta don su yi masa rakiya.

Mu ma burtalinmu yana ta ƙuntata. Ku da kuke Legas da Ibadan da Fatakwal, in kun zo gida, ku zauna da tsofaffi, ku rubuta abin da suka gani, ku ɗauki hoton ruga da kasuwar kara. Abin da ba a adana ba, jikoki ba za su san an yi shi ba.