Ahmadu Ahijo: Daga Wayar Iska Zuwa Mulki

Duk lokacin da mai gyara ya tada tsohuwar rediyo mai garmaho, irin wadda sai ta ɗumama take magana, mukan tuna da marigayi Ahmadu Ahijo.

An haife shi a Garwa, maƙwabciyarmu nan Pitowa, a 1924. A 1942 ya kama aikin wayar iska a gidan waya, zamanin irin waɗannan na'urori. Ya zama Firayim Minista a 1958, sannan shugaban Kamaru na farko a 1960. Ta rediyo ya sanar da murabus ɗinsa ranar 4 ga Nuwamba 1982. A 1984 aka yanke masa hukuncin kisa yana ƙasar waje. Ya rasu a Dakar a 1989, har yau kuwa ba a dawo da gawarsa gida ba.

Allah ya jiƙansa.