Nana Asma'u: Malamar da Ta Kai Kulawa Har Ƙauye

Mai karatu, idan ka taɓa kai ziyara Hubbaren Shehu a Sakkwato, ka san ba Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kaɗai ne ke kwance a wurin ba. Kusa da shi akwai 'yarsa Nana Asma'u, Allah Ya jiƙan su. Rayuwarta tana da darasi kan lafiyar mutanen karkara.

An haife ta a Degel a 1793, tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa da ciwo na shekarun yaƙi da idonta. Ta auri Gidado ɗan Laima, wanda ya zama wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta yi rubuce-rubuce da Larabci da Fulatanci da Hausa. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwan, littafi kan neman waraka da surorin Alƙur'ani.

Babban aikinta shi ne 'Yan Taru. Ta lura matar ƙauye mai aure da goyo ba ta iya barin gida ta zo birni. Sai ta zaɓi dattijai mata masu amana, ta naɗa su jaji, ta ba kowace malfa ta zama alamarta. Jaji kan zo wurinta da ayarin tsofaffi da 'yan mata, su ɗauki karatu, su koma su koyar a cikin gidaje. Ba karatu kaɗai ba ne, har da duba marar lafiya da taimakon mai haihuwa. Sadakar da suka kawo, kamar hatsi da zuma, ita kuma ta raba wa mabuƙata. Bayan rasuwarta a 1864, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

Abin da ta gane har yau bai canza ba: in kulawa ba ta je ƙauye ba, mace da yaro ne ke fara shan wuya. Idan aka rage kuɗin kiwon lafiya, ɗan birni yana da asibitin kuɗi. A ƙauye kuwa sha-ka-tafi ne zai rasa magani, ungozoma ta bar wurin, awon ciki da rigakafi su tsaya. Zazzaɓin da za a magance da wuri sai ya kai ga jijjiga da ƙarin jini, iyali su sayar da akuya ko hatsin ci.

Akwai haƙƙin da doka ta ba ka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, kuma a Sakkwato hukumar SOCHEMA ce ke rajistar masu cin gajiyar inshorar lafiya. Ka je asibitin mazaɓarku ka tambayi yadda ake yi wa mai ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 5 rajista. In an ce babu magani ko ma'aikaci, ku kai maganar ga kwamitin ci gaban mazaɓa da hakimi. Addu'a da zuwa asibiti da wuri tare suke tafiya.